Daga 3-0 a Sarpsborg Zuwa Kambun Farko: Molde a Hannun Solskjær, 2011

Asalin matsalar: azurfa bakwai, babu zinare ko ɗaya

Molde ƙaramin gari ne a gaɓar yammacin Norway, a bakin wani dogon reshen teku da ya kutsa cikin duwatsu, wanda ake kira Romsdalsfjord. A shekarar 2011 mutanen garin dubu 25 ne da 'yan kai. Bakano zai ce ai unguwa ɗaya ce. An san garin da furen wardi da bikin kiɗan jazz na kowace shekara, sai kuma ƙungiyar ƙwallon ƙafa da aka kafa ranar 19 ga Yunin 1911.

A babbar gasar Norway, wadda a lokacin ake kira Tippeligaen kafin a mayar da sunanta Eliteserien a 2017, ƙungiyoyi uku na saman teburi ake ba lambobin yabo: zinare, azurfa da tagulla. Kafin 2011 Molde ta karɓi azurfa sau bakwai, a 1974, 1987, 1995, 1998, 1999, 2002 da 2009. Zinare kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa shi ba. Wadda ta fi ciwo ita ce ta 1987. A ranar rufe gasa Moss ta zo gidansu, Molde na buƙatar nasara ta ɗauki kambu, Moss ta ci 2-0 a gaban 'yan kallo sama da dubu 14 ta tafi da shi. Azurfofi biyar da suka biyo bayan ta 1987 kuma duk a bayan ƙungiya ɗaya aka karɓe su, wato Rosenborg ta birnin Trondheim, wadda ta ci gasar sau 13 a jere daga 1992 zuwa 2004.

Rashin kuɗi ba ya cikin dalilan. Attajirai biyu 'yan yankin, Kjell Inge Røkke da Bjørn Rune Gjelsten, sun tsaya wa ƙungiyar tun shekarun 1990, kuma da kuɗin irin waɗannan masu hannu da shuni aka gina sabon fili a bakin ruwa a 1998, mai ɗaukar mutum kusan dubu 11, wanda daga baya aka sa wa suna Aker Stadion. Ƙungiyar ta ci kofin ƙasa a 1994 da 2005. A 1999 ta fitar da Mallorca ta shiga rukunin Gasar Zakarun Turai, ta kara da Real Madrid da Porto da Olympiacos. Abin da ya gagara shi ne a riƙe saman teburi daga farkon kaka har ƙarshenta.

2006 zuwa 2010: hawa da gangara

Shekara ɗaya bayan cin kofin 2005, Molde ta faɗa rukuni na biyu. Aka ɗauko Kjell Jonevret ɗan Sweden, ya dawo da ita sama a kakarsa ta farko, 2007. A 2009 ya haɗa tawagar da har yanzu mutanen garin ke tunawa da ita, da 'yan Senegal a gabanta da tsakiyarta: Mame Biram Diouf, Pape Paté Diouf da Makhtar Thioune. Sun lallasa Rosenborg 5-0 a kofin ƙasa. Amma a gasa sun ƙare na biyu da maki 56, Rosenborg na da 69, a wasan ƙarshe na kofi kuma maƙwabciyarsu Aalesund ta doke su a bugun fenareti. Manchester United ta saye Mame Biram Diouf, ya bar garin a ƙarshen shekarar.

Kakar 2010 ta zo da akasi. Bayan wasa 22 ƙungiyar na da maki 20 kacal, tana leƙen ramin faɗuwa. A ƙarshen Agusta aka sallami Jonevret, aka kira Uwe Rösler, Bajamushe tsohon ɗan wasan gaban Manchester City wanda ya taɓa horar da Lillestrøm da Viking, don ya tsamo ta. A wasanni takwas da suka rage bai yi rashin nasara ba, ya tara maki 20, daidai da abin da aka tara a wasanni 22 na baya. Molde ta ƙare ta 11 da maki 40. Baye Djiby Fall, wanda ta karɓo aro daga Lokomotiv Moscow, shi ya fi kowa zura ƙwallo a gasar da 16, kuma da kaka ta ƙare aronsa ya ƙare.

Wannan ita ce ƙungiyar da sabon koci zai gada: ta biyu a 2009, ta 11 a 2010, ta rasa manyan masu ci mata ƙwallo shekara biyu a jere, ga kuma bikin cika shekara 100 ya ƙarato.

Nuwamba 2010 zuwa Maris 2011: zuwan sabon koci

Ranar 9 ga Nuwamban 2010 Molde ta sanar da Ole Gunnar Solskjær a matsayin koci, da kwantiragin shekara huɗu, zai kama aiki a Janairu. Shekarunsa 37 a lokacin. Ɗan Kristiansund ne, garin da ke arewa da Molde kaɗan, kuma daga Molde ɗin ne Manchester United ta saye shi a 1996. Duk wanda ya yi zaman gidan kallon ƙwallo ya san shi da ƙwallon da ya zura wa Bayern Munich a mintin ƙarshe na wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a filin Camp Nou a 1999. Abin da ba a sani ba shi ne ko ya iya horar da manya. Tun 2008 ƙaramar tawagar United yake riƙe da ita, inda aikin shi ne rainon yara, kuma ba a korar koci don an rasa maki uku.

Haɗarin yana da fuska biyu. Ƙungiya ta ajiye mutumin da ya ci mata maki 20 a wasa takwas ta ɗauki wanda bai taɓa jagorantar wasa ko ɗaya a babbar gasa ba. Shi kuma ya ɗora sunansa, wanda babu kamarsa a ƙwallon Norway, a kan ƙungiyar da ta saba da zuwa ta biyu.

Abubuwa uku ya fara da su.

Ya zo da mutanensa daga Manchester: Mark Dempsey a matsayin mai taimaka masa a atisaye, da Richard Hartis mai horar da masu tsaron raga. Shi kansa an san shi da rubuta abin da ya gani a atisayen Alex Ferguson tun yana ɗan wasa, kuma bai ɓoye cewa tsarin da ya taso a ciki yake son dasawa ba.

Ya kuma shiga kasuwa, amma ba manyan sunaye ya nema ba. Magnus Wolff Eikrem, ɗan asalin Molde da ya tafi makarantar United yana yaro, ya biyo shi gida yana ɗan shekara 20.  An ɗauko Joshua Gatt, matashin Ba'amurke mai gudun tsiya, daga wata ƙungiya a Austria. An kawo Espen Bugge Pettersen ya tsare raga, da Davy Claude Angan ɗan Kwaddibuwa daga Hønefoss don cike gurbin Fall. Akwai kuma wani yaro da ya riga shi isowa, Daniel Chima Chukwu, haifaffen Kano, wanda ya koma Molde a 2010 lokacin da Lyn ta birnin Oslo ta durƙushe saboda bashi. Wannan Lyn ɗin ce ta taɓa riƙe Mikel Obi da Chinedu Obasi da Odion Ighalo. Ƙashin bayan tawagar dai tsofaffin hannu ne da ya tarar: kyaftin Daniel Berg Hestad mai shekara 35, Magne Hoseth, Vegard Forren a baya, Mattias Moström, Thioune da Pape Paté Diouf.

Na ukun shi ne salon wasa. Ƙwallon Norway ta daɗe a ƙarƙashin koyarwar Egil Olsen, wanda ake wa laƙabi da Drillo, kocin ƙasa a shekarun 1990 da ya sake dawowa a 2009: a tsare gida da kyau, da an ƙwace ƙwallo a cilla ta gaba ba tare da ɓata lokaci ba. Solskjær ya so ƙungiyarsa ta riƙe ƙwallo a ƙasa, ta faro daga 'yan baya, ta bi ta ƙafar ɗan tsakiya mai ido irin Eikrem, sannan masu gudu su fasa ta gefe. Irin wannan wasa yana buƙatar 'yan baya su saba da karɓar ƙwallo alhali ana matsa musu, kuma ba a koyonsa a hutun sanyi ɗaya.

Saboda ƙanƙara da sanyin hunturu, kakar Norway tana farawa ne a Maris ta ƙare a Nuwamba. Ƙungiyoyi 16 ne, kowacce wasa 30. Wannan tsari zai yi tasiri a tsakiyar labarin.

Maris zuwa Mayu: tuntuɓe a bakin ƙofa

An buɗe gasa ranar 18 ga Maris, Molde ta ziyarci Sarpsborg 08. Ƙungiyar ba ta taɓa buga wasa a babbar gasa ba sai ranar. Idon ƙasar duka yana kan bencin baƙi, har da 'yan jaridar Ingila da suka zo ganin yadda yaron Ferguson zai fara. Sarpsborg ta ci 3-0.

Wasanni biyu da suka biyo baya kunnen doki aka yi. Maki biyu cikin tara ke nan, sai a wasa na huɗu aka samu nasarar farko. Ko bayan an fara cin wasa, bayan ƙungiyar bai daina yoyo ba. A watan Mayu suka je Haugesund aka zuba musu 5-0. Ƙungiyar da ke neman kambu ba a saba ganin an yi mata irin wannan wankin babban bargo a hannun 'yar tsakiyar teburi ba, balle sau biyu cikin wata uku.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne lokacin da aka rasa ƙwallo. Ƙungiyar da ke tura mutane da yawa gaba tana barin fili a bayanta, kuma yawancin abokan karawarta a Norway ba abin da suka fi ƙwarewa a kai kamar jiran kuskure su kai hari cikin daƙiƙu kaɗan. Ƙwallaye takwas a wasanni biyu, babu ramuwa ko ɗaya.

Abin lura a wannan zango shi ne abin da ba a yi ba. Shugabannin ƙungiya ba su taɓa kocin ba. Kocin bai watsar da salon ya koma cilla dogayen ƙwallaye ba, bai kuma jefar da matasan da ya kawo ba. Bayan kowane mummunan rashi ƙungiyar ta dawo ta tara maki, ba a samu rashin nasara ya ja wani ya ja wani har ya zama ɗabi'a ba, kamar yadda aka gani a 2010.

A can Trondheim ma ruwa bai kwanta ba. Rosenborg ta ci gasar 2010 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, da maki 68. Amma a Janairun 2011 ta sayar da Anthony Annan ɗan Ghana ga Schalke, Steffen Iversen ya tafi Crystal Palace, ita ma kuma sabon koci gare ta, Jan Jönsson. Ta fara kaka da ƙafar hagu, ta yi makonni a ƙasan teburi. Don haka duk da tuntuɓen Molde, babu wanda ya yi mata nisa. Tromsø, ƙungiyar da ke can ƙuryar arewa, ita ke jan ragama, amma da tazarar da za a iya cimmawa.

Yuni: ranar cika shekara 100

Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni abubuwa suka daidaita. Pape Paté Diouf, wanda ya zo Molde tun 2006 kuma ya yi shekaru a inuwar wasu 'yan gaban, ya shiga mafi kyawun lokacinsa. Kafin tsakiyar kaka ya zura ƙwallo 12 a gasa. Angan yana gefensa yana ci. Eikrem ya fara riƙe tsakiya, Hestad na share masa baya.

Ranar 19 ga Yuni, daidai ranar da ƙungiyar ta cika shekara 100, Sogndal ta zo Aker Stadion. Molde ta ci 2-0 ta hau saman teburi. Wata uku da kwana ɗaya ke nan bayan abin da ya faru a Sarpsborg.

Yuli da Agusta: an sayar da mai ci

A nan ne tsarin kakar Norway ya nuna illarsa. Lokacin da manyan ƙungiyoyin Turai ke hutu suna sayayya, ita Norway tana tsakiyar gasa. Duk ɗan wasan da ya haskaka daga Maris zuwa Yuni, a Yuli ake zuwa ɗaukarsa, ƙungiyarsa ta ƙarasa rabin kaka babu shi.

Ƙungiyoyi biyu abin ya sama a wannan shekara. Lillestrøm tana da Anthony Ujah ɗan Najeriya, wanda ya zura huɗu a zagayen farko na gasa lokacin da suka casa Stabæk 7-0, ya kai 13 kafin Mainz ta Jamus ta ɗauke shi. Molde kuma FC Copenhagen ta Denmark ta saye Diouf daga hannunta. Karo na uku ke nan a jere da ƙungiyar ke rasa babban mai ci mata ƙwallo, wannan karon ma tana saman teburi.

Abin da aka yi a Molde shi ne ba a nemi mutum ɗaya da zai gaji ƙwallayen Diouf ba. An kawo Jo Inge Berget, matashi ɗan ƙasa da ke hannun Udinese ta Italiya, aka ƙara wa Angan nauyi, aka buɗe wa Chima da Gatt hanya, Hoseth da Moström na shigowa daga tsakiya da gefe. Ƙwallayen suka rarrabu a ƙafafu da yawa. Har kaka ta ƙare babu ɗan Molde da ya wuce 12 ɗin da Diouf ya bari, wanda ya fi kowa ci a gasar kuma ɗan Tromsø ne, Mustafa Abdellaoue, da 17. Duk da haka Molde ba ta sauko ba. Lillestrøm kuwa ta gangara har ta 13, aka sallami kocinta Henning Berg a Oktoba, shi ma tsohon ɗan wasan Manchester United ne.

A cikin wannan zango ne ƙwallo ta tsaya cik a ƙasar. Ranar 22 ga Yuli aka kai hari a Oslo da tsibirin Utøya, mutum 77 suka mutu, yawancinsu matasa. An ɗage wasannin ƙarshen makon. Da aka dawo, an dawo ne cikin makoki.

A kofin ƙasa tafiyar Molde ta tsaya a matakin kusa da na kusa da ƙarshe, a hannun Fredrikstad. Ba ta kuma cikin gasar Turai a shekarar, tunda ta 11 ta ƙare a 2010. Daga nan abu ɗaya ya rage mata, wasa ɗaya a mako.

30 ga Oktoba

Rosenborg ta farfaɗo a rabin kaka na biyu ta tako har cikin ukun farko, Tromsø ma ba ta saki ba. Ga wanda ya san tarihin azurfa bakwai, wannan shi ne lokacin da ake jiran ƙafar Molde ta fara rawa.

Ranar 30 ga Oktoba aka buga zagaye na 28. Molde ta karɓi Strømsgodset a gida, tana neman nasarar da za ta rufe magana a gaban mutanenta. Aka tashi 2-2. Lissafi ya nuna Rosenborg ce kaɗai ta rage da za ta iya cim mata, kuma wasan Rosenborg da Brann sai can da yamma, a filin Lerkendal. Dole aka zauna jira. Brann ta ci 6-3 a gidan Rosenborg. Saura wasa biyu, maki shida, tazarar kuma ta fi haka. Molde ta zama zakara karo na farko, a shekararta ta 100, ba tare da 'yan wasanta na cikin fili ba a lokacin da abin ya tabbata.

Teburin ƙarshe: Molde maki 58, nasara 17, kunnen doki 7, rashin nasara 6, ta ci 54 an ci ta 38. Tromsø 53. Rosenborg 49. Sarpsborg 08, wadda ta buɗe kaka da 3-0, ita ta zo ta ƙarshe ta koma rukuni na biyu tare da Start. An zaɓi Solskjær gwarzon koci na shekara, Bugge Pettersen kuma gwarzon mai tsaron raga.

2012 zuwa 2014: gwajin da ya biyo baya

A Mayun 2012 Aston Villa ta nemi Solskjær, ya je ya saurare su, abin ya ɓata wa Røkke rai a bainar jama'a, amma kocin ya zauna. Molde ta sake cin gasa a shekarar da maki 62. A share fagen Zakarun Turai Basel ta fitar da ita da ƙyar, bayan Yann Sommer ya tare fenaretin Angan a ƙarshen wasa na biyu. A 2013 ta fara kaka da muni ta ƙare ta shida, amma ta ci kofin ƙasa, ta doke Rosenborg 4-2 a wasan ƙarshe. A Janairun 2014 Solskjær ya tafi Cardiff, ya ja Eikrem da Berget. Tor Ole Skullerud ya gaje shi, ya ci gasa da kofi a shekarar, da maki 71, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a gasar kafin lokacin.

Hukunci

Labarin da aka fi so shi ne gwarzo ya dawo gida ya mayar da ƙungiya ta 11 zakara cikin wata goma. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan labari gaba ɗaya ba.

A ajiye 2009 kusa da 2011. Tawagar Jonevret ta ci wasa 17, tawagar Solskjær ma 17. Ta 2009 ta zura 62 an zura mata 35, ta 2011 ta zura 54 an zura mata 38. Wato tsohuwar ta fi ci, ta fi tsare gida. Bambancin duka maki biyu ne, rashin nasara biyu da suka koma kunnen doki. Abin da ya sauya sosai ba a Molde yake ba, a Trondheim yake: Rosenborg ta sauko daga 69 da 68 zuwa 49. Da maki 58 ɗin nan a 2009 ko 2010, ba za a rataya zinare ba. Kuma matsayi na 11 da ya gada ya ɓoye gaskiya, domin wasanni takwas na Rösler sun riga sun nuna cewa tawagar ba ta lalace ba, ta ruɗe ne kawai. Wanda ya ce daga kango Solskjær ya fara gini ya zalunci mutum biyu da suka gabace shi.

To amma ƙofar da Rosenborg ta bari a buɗe, kowa ta buɗe wa. Tromsø ta gan ta, Brann da Vålerenga da Viking masu manyan birane da tarin magoya baya sun gan ta. Molde ce ta shiga, kuma a nan ne nake ganin hannun kocin, a wurare biyu.

Na farko, wata ukun farko. Koci mai ƙaramin suna da aka ci 3-0 a Sarpsborg sannan 5-0 a Haugesund, a shekarar biki, da wuya ya kai Yuni da salonsa, ko ma da aikinsa. Sunan Solskjær ya saya masa lokacin da wani ba zai samu ba, wannan kuwa ba wayonsa ba ne, gadon ƙafarsa ne. Wayonsa shi ne yadda ya yi amfani da lokacin: bai firgita ya rushe abin da ya fara ba. Idan aka cire waɗancan wasanni biyu, ƙwallo 30 aka zura wa ƙungiyar a wasa 28, kuma sau huɗu kawai aka doke ta. Masifar ta taru a rana biyu, ba ta bazu cikin kaka ba.

Na biyu, Yuli. A ganina nan ne aka ci gasar, ba ranar biki ba, ba kuma ranar 30 ga Oktoba ba. Tafiyar Mame Biram Diouf ta jefa ƙungiyar cikin rikicin 2010. Tafiyar Pape Paté Diouf shekara ɗaya da rabi bayan haka ba ta motsa ta daga saman teburi ba, alhali a daidai wannan lokaci tafiyar Ujah ta karya Lillestrøm. Sayayyar hunturu da ta yi kama da tara yara, Gatt da Eikrem, da riƙe Chima, da ƙarin Berget daga baya, ita ta biya bashin. An gina tawagar ne da sanin cewa duk wanda ya yi fice za a ɗauke shi a tsakiyar tafiya.

Akwai abin da bai gyaru ba har ƙarshe. Ƙwallo 38 a raga ya yi yawa ga zakara, kuma wasan da ya kamata su rufe gasa da kansu, a gidansu, sun bar shi 2-2 sai da Brann ta ƙarasa musu aiki. Tsohuwar rawar ƙafa ba ta tafi gaba ɗaya ba, tazarar da aka tara tun bazara ce ta rufa asiri. Rashin wasannin Turai ma ya taimaka, kuma wannan kyautar mummunar kakar 2010 ce.

Kakar 2011 ita kaɗai ba ta isa hujja a kan koci ba, sa'a ta yi yawa a cikinta. Hujjar ta zo ne daga baya. A 2012 an ƙara maki huɗu, ga wasannin Turai a tsakiyar mako, ga Strømsgodset ta tara 58 ɗin da ya wadatar a bara amma ta tashi da azurfa. A 2014 kuma, shi yana Wales yana fama da Cardiff, ƙungiyar da ya bari ta tara 71 a hannun wani, Forren na baya, Moström na gefe, Chima na gaba, Hestad mai shekara 39 yana nan a tsakiya.